Duwatsun da Yaya Bitrus Ya Watsar

Shekara tara ke nan da aka harbe yayana Bitrus a bakin rafin ƙauyenmu. Saboda duwatsu ya koma.

A wajenmu, in manomi yana huɗa garmarsa ta tono kan mutum na yumɓu, irin na mutanen da, ba ya kai shi gida. Mayar da shi yake cikin ƙasa, ya tara duwatsu a kai don kada garma ta sake taɓa shi. Haka muka tarar. Ba bauta musu muke ba, coci muke zuwa. Sun dai riga mu zama a wurin ne.

Da 'yan bindiga suka kore mu, unguwar Romi cikin birni muka sauka, muka cunkushe a ɗakin ƙanwarmu. Ba a jima ba labari ya zo cewa masu haƙar kawunan nan don sayarwa sun shiga gonakinmu. Ba su sha wahalar nema ba. Duk inda suka ga tarin duwatsu, nan suke sa diga.

Bitrus ya ce zai je ya watsar da waɗanda ba a kai gare su ba. Na ce masa yumɓu ne fa, ba rai. Ya ce, "Ishaku, da hannunmu muka nuna musu wurin." Na bi shi. Muka watsar da na gonakin gangare, muka ja ciyawa a kai. A hanyar dawowa ya durƙusa shan ruwa a rafin. Ni na tsira.

Ban san me zai ce ba da ya ga abin da na gani bara. Ɗansa Yohanna, mai tuƙa keke mai ƙafa uku na haya a unguwar Sabon Tasha, ya nuna mini hoto a waya: wani kai irin namu cikin gilashi a ƙasar Turawa, an haska masa fitila. Ya ce wani mutum ya yi masa alkawarin sabon keke in na faɗi wurin da sauran suke. Yohanna ba ɓarawo ba ne. Yana da iyali, keken da yake tuƙawa ma na wani ne.

"Baba, tunda ubana ya mutu a kansu, ai gadona ne."

Na ce masa ubanka ya mutu ne don kada a san wurin. Tun ranar bai sake gaishe ni ba.

Bitrus bai bar mana gida ba, bai bar kabarin da za mu iya zuwa ba. Abin da ya bari gonaki ne da ba mai iya bambance su da na maƙwabta, sai ni.

Ina nan Romi, ina gadin wani gidan burodi. Ƙarfina ya fara ƙarewa. Ban faɗa wa kowa ba, kuma da ni za a binne sanin.