Kunnen Dije Mai Man Gyaɗa

A Maiwurno, gab da Makwar a ƙasar Sudan, in ka ce man gyaɗa to Dije kake nufi. Katanga ɗaya ta raba gidana da nata tun muna amare, saboda haka na san halinta sarai. Tana da taurin kai, ga baki, amma hannunta akwai albarka.

Sirrin aikinta ruwa ne. In an niƙo gyaɗa ta juye a turmi, sai ta riƙa tuƙawa tana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan har mai ya tsatso. Ruwan da ya huce ba ya fid da mai, wanda ya tafasa kuma dafa tunkuzar yake yi ta cure. Tsakaninsu akwai wani zafi, kuma ɗan yatsanta kaɗai ya san shi. Takan tsoma, ta ce ya yi ko bai yi ba, ba ta taɓa kuskure ba.

Shekarar da ruwa ya ci gonakin bakin kogi ciwon sukari ya kama ta, yatsunta suka mutu. Ran nan ta tsoma yatsa a tafasasshen ruwa, ba ta sani ba sai da fata ta saluɓe. Ɗanta Lukman ya kai ta garin Sinja wurin likita, wanda mu a nan muke kira hakim, da suka dawo ya kife turmin a bayan ɗaki.

"Halas, shi ke nan, Inna," ya ce. "Hakim ya ce ba ki ji. Aikin ga ya ƙare."

Dije ta zauna ba aiki, ta rame, ko tsokanata ta daina. Wallahi na ji tausayinta, har masifar tata na yi kewa.

Wata safiya ta sanyi ina tsiyaya ruwa a kwano zan wanke kofunan shayi, sai na ji muryarta ta bayan katanga.

"Sara, ruwan ga naki ya huce. Maida shi wuta."

Na taɓa, ya huce kuwa. "Ke, ta ina kika gani?"

"Gani? Ji na yi. Ruwan sanyi ƙara garai, ƙal-ƙal, kamar tsakuwa cikin kwano. Mai zafi muryarshi taushi gare ta."

Can na ji ana mirgino turmi.

Mun ɓata gyaɗa ba kaɗan ba kafin abin ya zauna, kajina suka yi ƙiba da tunkuza. Ni ke ɗaga buta in tsiyaya daga sama, ita kuma ta karkata kai, ido a rufe. "Bai yi ba. Jira. Sake zubawa. Yawwa, tamam!" Ranar da mai ya taso ya kwanta a kan tunkuza, rawaya garau, ta yi guɗa har awaki suka watse.

Guɗar ce ta jawo Lukman daga gona, hauya a kafaɗa. Ya dubi turmi, ya dubi hannun uwarsa a bushe, ba ko ɗigon ruwa.

"Inna, ba hakim ya ce ba ki ji ba?"

"Yatsa ya duba," in ji Dije, tana tuƙi ba ta ko ɗago ba. "Bai duba kunne ba. Aje hauyar ga ka miƙo mini kwalba."

Ya ajiye, ya miƙo mata, ya kuma tsuguna ya riƙe mazurari.