Baƙon da Ba Ya Kai Hanci Bakin Kwalba

Tsoho mai sayar da maganin feshi bai yarda da baƙon da ke tsaye a rumfarsa ba. Siriri ne, mai tabarau, rigarsa fes kamar ba kasuwa ya shigo ba. Wannan ba manomi ba ne, tafin hannunsa ko kanta babu.

Kowane mai saye yakan buɗe kwalba ya kai hanci, ya ji ƙarfin magani. Shi kuwa safar roba ya sa, ya riƙe kwalbar nesa da fuska, yana fifito warin da hannu kaɗan-kaɗan. Wanda ya san guba haka, in ji zuciyar tsohon, ko hukuma ce ta turo shi, ko kuwa so yake ya ga bayan wani da ita.

"Malam, ina gonar taka take?"

"Ba ni da gona, Baba. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera nake raino a ɗakin bincike. In ɗiga musu wannan, in ga yadda yake kashe su."

Ji wani zance! Tsohon ya taɓe baki, ya ɗauki mazurari yana ɗura maganin, hannu ba safa, yadda ya saba tun yana saurayi. Maganin yana zuba gefe, yana bin yatsunsa.

Baƙon ba kwalbar yake kallo ba.

"Baba, tun yaushe hannun nan yake rawa?"

"Tsufa ne," in ji tsohon, ya cusa hannun a aljihu. A cikin aljihun ma bai daina ba.