Shirun Sabuwa a Kaset

Abdussalami ɗan fari ne, kuma a ƙauyensu na bakin babbar hanyar ruwa, yamma da garin Managil da ke kudu da Khartum, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi, ba ta ma kallonsa ido da ido a gaban mutane. Kakanninsu ne suka taho da wannan kunya tun daga ƙasar Sakkwato. Sun zubar da abubuwa da yawa a hanya, amma ita sun riƙe ta gam. Saboda haka tun tasowarsa bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa Sabuwa ba. In tana son ya kai wa babansa abinci a hawasha, wato gonar audugar da hukuma ta yanka musu, sai ta dubi bango ta ce, "A zo a ɗauki kwanon ga." Shi kuwa ya san da shi ake.

Abin bai dame shi ba sai da ya ci jarrabawa ya tafi kwalejin noma a Khartum, farkon shekarun saba'in. A aji an koya masa ƙasa da taki da tsutsar auduga. Amma abin da ya tsaya masa a rai, a gidan su Babikir abokin ɗakinsa ya gan shi, wata Juma'a da suka je Omdurman cin abinci. Uwar Babikir ta fito da sauri ta rungume wannan ƙaton mai gashin baki, tana ta kiran sunansa kamar za ta cinye shi. Abdussalami ya sunkuyar da kai, ya ji musu kunya. Sai a motar komawa ya gane ba kunya kaɗai ba ce, har da kwaɗayi. Gandamemen saurayi da shi, yana marmarin uwarsa ta kira shi ko sau ɗaya.

Da hutu ya zo, ƙungiyar ɗalibai ta samu aron rakoda, aka shirya zagaya ƙauyuka a ɗauko waƙoƙin mata masu ɗiban auduga. Abdussalami ya yi ta naci har aka sa ƙauyensu a ciki. Ya kuma ƙulla wata dabara, irin ta ɗan makaranta da ke ganin ya fi uwarsa wayo. Ya san Sabuwa ba ta iya ƙin baƙo, don haka ya roƙi Babikir ya tambaye ta sunayen 'ya'yanta, rakoda a kunne.

Da azahar matan suka gama waƙa a gindin dalbejiya. Sabuwa ta kawo wa baƙi kisra, wato siririyar gurasar dawa, da miyar kuɓewa, tana kiran kowane da sunansa, don tuni ta haddace su. Ɗanta kuwa ta tura masa kwano ba ta dube shi ba. Babikir ya matso da rakoda, ya ce da Larabci, "Hajja, faɗa mana sunayen 'ya'yanki, daga babba har ƙarami."

Sabuwa ta gyara mayafi, ta faro daga ƙasa. "Auta Sakina ta. Sai Almu. Sai Mato."

Ta yi shiru. Kaset na ta juyawa, ba a jin komai sai kurciya da wucewar ruwa. Abdussalami yana tsaye bayan abokansa, ya ga leɓenta ya motsa. Shirun ya yi tsawo har Babikir ya leƙa ko rakodar ta tsaya.

"Sai babban, wanda Allah Ya kai karatu," in ji ta. "Shi ai kun san shi."

Matan suka kwashe da dariya, wata ta ce Sabuwa ba ta kamuwa. Shi ma ya yi dariyar, amma ranar bai ƙara taɓa kisrar ba.

Ya gama kwaleji, aka tura shi Damazin malamin gona, ya yi aure ya hayayyafa. Matarsa kuwa ɗan farinta take ƙwala wa kira tun daga ƙofar gida, babu ko ɗar. Sabuwa ta rasu cikin wata damina, laka ta tsare motoci a hanya, bai iso ba sai da aka rufe ta.

Kaset ɗin yana hannunsa, don tun a kwaleji ya kwafi nasa. Abin da ya koyo a aji rabi ya bi iska, amma wannan ya san kowane numfashi na cikinsa. Wani lokaci bayan la'asar yakan kunna, ya wuce waƙoƙin, ya saurari Sakina da Almu da Mato. In an zo wurin shirun, sai ya gyara zama, ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Na'am, Iya."