Tambayar da Baba ke yi wa tsofaffin Azare

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sale, wanda mutanen unguwarmu a Azare suka fi sani da Malamin Gona. Ya yi wa gwamnati aikin gona a ƙasar Katagum tun yana saurayi har ya yi furfura. Daga ƙauyukan Gadau zuwa Jama'are, da wuya a sami inda babur ɗinsa bai shiga ba. Ni ce 'yarsa ta uku, malamar firamare, kuma yanzu ni ma ina hango ranar da zan ajiye alli. Wataƙila shi ya sa bana yake yawan faɗo mini a rai.

Da ya yi ritaya, sai ya tsiro da wata ɗabi'a da ta riƙa ba mu kunya. Duk tsohon da ya zauna kusa da shi, a ƙofar masallaci ne ko a wurin ɗaurin aure, bayan gaisuwa sai ya matsa ya ce, "Wai Malam, yanzu da me kake ci?" Inna, mahaifiyarmu, ta sha yi masa magana cewa wannan tonon asiri ne. Shi kuwa ba da mugun nufi yake yi ba, son sani ne kawai. Ya ce shi dai yana da fansho, ko da yake ba ya isa kuma ba ya zuwa a kan lokaci. To manomi fa? Mahauci fa? Matar da ta ƙare ƙuruciyarta a gaban kaskon suyar ƙosai fa?

Yakan dawo gida da amsoshin kamar wanda ya yi tsintuwa. Wani ɗansa ne ke aiko masa daga Kano. Wani ya yanki ɗaki ɗaya a gidansa ya mai da shi shagon haya. Wata tsohuwa akuyoyinta ne ke riƙe da ita. Wasu kuma sai su ce "Allah ne," su kau da kai. Baba ya ce waɗannan su ne suka fi hana shi sukuni.

Cikinsu akwai Baba Bukar, tela, mutumin Borno da ya zauna a Azare tun kafin a haife ni. Shi ya ɗinka mana kayan makaranta dukanmu. Da idonsa ya soma dushewa sai aiki ya janye, 'ya'yansa mata biyu kuma suna aure a nesa. Baba bai gamsu da amsarsa ba, sai wata rana ya bi shi har gida. A zaure ya ga gurbin ƙafafun keken ɗinki a ƙasa, keken babu. An sayar an ci.

Washegari Baba ya aika masa da gero, aka dawo da shi. Baba Bukar ya ce a yi godiya, amma bai kai nan ba tukuna. Baba ya yi kwanaki yana juya abin a ransa, sannan ya je kasuwa ya sayo ƙananan raguna biyu, ya ja su da kansa har gidan.

"Malam Bukar, taimakona za ka yi. Gidana ba wuri, kai kuwa kana da fili. Harawa da dusa daga gare ni, kulawa daga gare ka, in Sallah ta zo mu raba riba."

"Malam Sale, ni da ko zare ba na gani?"

"Rago ai ya fi zare kauri."

Baba Bukar ya yi dariya ya karɓi igiyar. Haka suka soma turka, shekara bayan shekara, har ragunan suka ƙaru.

Sai abin ya juya. Baba ya sami shanyewar ɓarin jiki, kuma yana kwance aka kira 'yan fansho tantancewa a Bauchi, kowa ya je a gan shi da ido. Bai samu zuwa ba, aka tsayar da nasa. Watanni suka yi ta wucewa, magani na cin abin da muke haɗawa, yayyena ma albashinsu bai taka kara ya karya ba. A Sallar wannan shekarar Baba Bukar ya sayar da ragunan, ya lallaɓo da sandarsa ya ajiye wa Inna kuɗin gaba ɗaya. Inna ta ce ya cire rabonsa. Ya ce, "Hajiya, in ya tashi ma yi wannan maganar." Da aka sake buɗe tantancewar, cewa ya yi ƙafarsa ƙafar Baba. Na raka su. Ina kallonsu a layi cikin rana, Baba ya rataya hannunsa mai lafiya a kafaɗar abokinsa yana gaya masa inda akwai tudu. Ko a nan sai da ya tambayi tsohon da ke gabansa da me ya riƙa ci da aka tsayar da nasa. An maido masa da fanshon, ya ci shi shekara biyu, Allah ya karɓi abinsa.

Yau nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga yadda abubuwa suka koma. Abokan aikinsa da suka rage suna zaune a gida waya ke sanar da su kuɗi ya shigo, su taka wurin mai cirar kuɗi a bakin titi. Na san wannan zai burge shi, zai kuma tsare mai shagon da tambaya har ya gaji. Amma me zai ce in ya ga abin da ya shigo ɗin ya ƙare tun kafin a fita daga layin masu hatsi? Me zai ce game da tsarin da ake yankar wani abu daga albashin ma'aikaci ana tara masa? Na ji ma ana cewa masu sana'ar hannu za su iya shiga irin wannan tanadi. Ban san tela ko ɗaya a unguwarmu da ya shiga ba, ban kuma sani ba ko labarin ya kai musu. Baba da tuni ya bi shago-shago ya gano dalili. Ni ban gaji wannan ƙarfin halin ba. Nakan gaisa da tsofaffi in wuce.

Fanshonsa ya bi shi, babur ɗin ma an daɗe da sayarwa. Baba Bukar dai yana nan, idon ya rufe gaba ɗaya, ƙaramar 'yarsa ta dawo kusa tana kula da shi. Da azumin da ya wuce na je gaishe shi, hira ta kai mu ga Baba, na ce masa mu fa a lokacin kunyar tambayar nan muke ji. Ya murza carbinsa, sannan ya ce, "'Yata, shekara guda na yi ina kwana da yunwa a garin nan. Ba wanda bai gaishe ni ba."

Allah ya jiƙan Malam Sale, ya sa ya huta.