Sanarwar Jana'izar da Na Ƙi Yi

Edita, a shekarun da zan ba da labarinsu ni malamin gona ne, ɗan asalin Bodinga, an tura ni aiki wani ƙauye a ƙasar Shagari, ba nisa da Dandin Mahe. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, ba kuma zan ambaci sunan kowa ba, domin yawancin mutanen suna raye. Kafin in kama aikin gona na taɓa yin 'yan watanni a wani gidan rediyo a Sakkwato ina karanta sanarwar ɗaurin aure da ta rasuwa. A can na koyi inda ake jan numfashi kafin a faɗi suna, da yadda ake sauke murya a ƙarshen magana. Da mutanen ƙauyen suka gano haka, sai liman ya damƙa mini mabuɗin ɗan ɗakin da ke jikin masallacin Juma'a, inda ake ajiye na'urar lasifika da makara da kayan haƙa kabari. Ladan ya tsufa, kiran salla kawai yake iyawa, shi ma ni ke kunna masa na'ura. Duk wata sanarwa, ta suna ko ta ɓatan akuya ko ta allurar rigakafi, daga bakina take fita. Ina jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

Mai masaukina tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, dattijo mai son gardama da shayi marar sukari. Ya ba ni ɗaki a cikin zaurensa, matarsa kuma ta sa ni cikin masu kwano. Ina kiransa Baba, shi ko ya laƙaba mini Gidan Rediyo. In na fito da safe sai ya tambaye ni ko an buɗe tasha, in na yi atishawa ya ce an samu tangarɗar na'ura, masu sauraro su yi haƙuri.

A shekarata ta biyu 'yan bindiga suka matso yankinmu. Aka fara kore shanu, aka fara ɗauke mutane a gonaki. Ɗan ƙanen Baba na cikin waɗanda aka harbe a bakin fadama, kuma ni na yi sanarwar jana'izarsa. Gari ya kafa kwamitin tsaro, matasa suka shiga sa-kai, aka kawo dokoki: ba hawan babur bayan la'asar, ba sayen fetur a jarka, ba saukar da baƙo sai an kai shi gaban kwamiti. Aka ce na wata uku ne. Ni na karanta su a lasifika, ɗaya bayan ɗaya, da muryar nan tawa ta labarun duniya, kuma a gaskiya a lokacin na yarda da su. Wata uku suka wuce, shekara ta zagayo, ba a cire ko ɗaya ba, sai ƙari. Aka hana zaman hira a ƙofar gida in mutane sun yi yawa. Aka fara kiran mutum ya zo ya yi bayanin abin da ya faɗa a wurin mai shayi. Aka ƙone rugage biyu da muka san mazaunansu tun kakanni, aka ce matakin kariya ne.

Baba ne kaɗai ya buɗe baki. A taron kwamiti ya ce shi ma an kashe masa ɗa, saboda haka ba wanda zai koya masa ƙin 'yan bindiga, amma yaƙin da ake yi ba alƙali, ba shaida, ba ranar ƙarewa, wata rana cikin gida zai juyo. Ya tambaya wa ke da ikon cire dokar da aka sa, ba wanda ya amsa. Daga ranar tabarmarsa ta fara yin fili. Masu zuwa shan shayi suka ɗauke ƙafa, ni ma da nake kwana a gidan na koma fita tun kafin ya shimfiɗa ta.

Dokar fetur ce ta fi cin manoma. Albasar rani ba ta rayuwa sai da injin ban-ruwa, inji kuma ba ya tashi sai da mai, ba kuma wanda zai ɗauki inji a ka ya kai shi gidan mai a Shagari. Kowa ya san ana shigo da man a ɓoye, har wasu 'yan kwamitin ta haka gonakinsu suke shan ruwa. Mai kawowa wani makanike ne, magidanci mai 'ya'ya huɗu, shi ke gyara injinan fadamar duka. Mahaifiyarsa 'yar ruga ce, abin da ba wanda ya taɓa damuwa da shi sai a shekarun nan. Ni ma ina da ɗan fili na dasa albasa, ganyen ya fara kwanciya. Wata safiyar Talata na je ƙofar gidansa da jarkata a cikin buhu, na yi sallama har sau uku kafin ya fito. Ya karɓa yana dariya, ya ce ashe mai karanta doka ma albasarsa na jin ƙishi. Na ce ya rufa mini asiri, ya ce an gama.

A hanyarsa ta dawowa 'yan sa-kai suka tare shi da jarka biyu a bayan babur. Suka ce wa ɓarayin daji yake kai wa. An ce ya yi ta rantsuwa cewa na ban-ruwa ne, da aka tambaye shi na wane ne, ya ƙi faɗa. Kafin azahar ya cika a hannunsu. Suka ajiye gawar a ƙarƙashin wata bishiyar bedi, wato dogonyaro, a bakin gari, suka aiko da saƙo cewa ba za a yi masa salla ba, ba za a sa shi a maƙabarta ba, duk wanda ya matsa kusa kuma ya nuna ɓangaren da yake.

Ina cikin masallaci bayan azahar, Baba ya zo ya tsaya a kaina. A karo na farko bai kira ni Gidan Rediyo ba. Ya ce, "Ɗana, tashi ka buɗe muna ɗakin ga. Ka sanar da mutane akwai jana'iza bayan la'asar, mu kuma mu ɗauki makara." Na ce masa a gaban mutane mabuɗin ba ya hannuna, na mance shi a Bodinga da na je ganin gida. Ƙarya ce marar dabara, domin ni na kunna wa ladan na'ura a azahar ɗin nan. Mabuɗin na cikin aljihun rigata, haɗe da na ɗakina da na babur. Baba ya dube ni na ɗan lokaci, ya ce to, Allah ya kyauta, ya fita. Lissafin da na yi a raina a bayyane yake: in na yi sanarwar za a tambayi dalilina, in aka bi dalilin za a iso ga jarka, jarka kuma tawa ce.

Da aka sallame la'asar, wadda ladan ya kira da bakinsa ba na'ura, Baba ya miƙe kafin kowa ya motsa. Muryarsa ba ta kai sahu na biyar ba, amma masallacin ya yi tsit har na baya suka ji. Ya ce mutumin da ke kwance a gindin bedi musulmi ne, ba wani alƙali da ya same shi da laifi, ko da ma an same shi da shi, wanka da salla haƙƙinsa ne a kan gari duka, in ba wanda ya yi kowa ya ɗauki zunubi. Ya ce akwai mutane a sahun nan da injinansu ke aiki da man da mamacin ya kawo. Ya ce an karɓe mana babur mun yi shiru, an karɓe hira mun yi shiru, yau an zo karɓar jana'iza, shi dai a nan ya tsaya. Liman ya sunkuyar da kai. Ni ina sahu na biyu, na ƙura wa tabarma ido.

Ya koma gida ya ciro ƙyauren zaurensa, ya ɗauko likkafanin da ya saya wa kansa ya ajiye a akwati shekaru. Shi da yayan mamacin da wani tsohon mai amalanke, su uku, suka wanke shi, suka ɗora shi a ƙyauren, suka yi masa salla, suka rufe shi a gefen gonar Baba. Fartanya da shebur na gona suka yi haƙan da su, alhali kayan haƙa na kulle a ɗakin da mabuɗinsa ke aljihuna.

Kwana biyu bayan haka motar jami'an tsaro ta zo da rana tsaka aka tafi da Baba. An ce kwamiti ne ya kai sunansa a matsayin mai tausaya wa 'yan bindiga da tunzura jama'a. Da yamma shugaban kwamitin ya miƙo mini takarda, ya ce tunda mabuɗi ya dawo daga Bodinga sai in karanta. Na karanta. Na sanar da gari cewa an gayyaci wani dattijo domin ya taimaka wa bincike, kuma an hana taruwa a ƙofar gidansa. Ban yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba. Na dawo na tarar da kwanon tuwona a inda aka saba ajiye shi, a zauren da ba ƙyaure. Matarsa ba ta fasa ba ko rana ɗaya, ni ne na kasa ci, na nemi canjin wurin aiki na koma Bodinga.

Wata bakwai Baba ya yi a tsare, ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba. Aka sake shi kamar yadda aka kama shi, ba bayani. Ya fito da ciwon ƙafa da bai shiga da shi ba, ya koma wurin 'yarsa da ke aure a Sifawa. Tsakanina da Sifawa tafiyar 'yan mintoci ce, amma sai da na shekara biyu kafin na iya zuwa. Na same shi a kan kujerar roba yana shan hantsi. Da ya gan ni ya ce a'a, ashe tashar ba ta rufe ba. Na durƙusa na fara kame-kame, ya katse ni ya ce in dai zancen mabuɗi ne in bar shi, tun a la'asar ɗin ranar ya ji ƙararsa a aljihuna da na yi ruku'u, kuma ya yafe tun yana tsare, domin ya san tsoro. Sai na gaya masa abin da bai sani ba, cewa ɗaya daga cikin jarkokin nan tawa ce. Ya gyara zama a kan kujerar. Sannan ya ce, "Wanga ba nawa na ba, balle in yahe. Ɗiyan mutumin nan har yau ana ce musu ɗiyan mai kai wa ɓarayi mai. Kai ka san ƙarya ta. Tahi ka hwaɗi inda ka saba hwaɗin magana."

Na koma ƙauyen ranar wata Juma'a. Zuwa lokacin abubuwa sun ɗan lafa, an sauya kwamiti, don haka kada a ɗauka wata jarumta na yi. Na roƙi liman ya ba ni lasifika bayan salla, ya ba ni ba tare da ya tambayi dalili ba. Na faɗi cewa makaniken da aka kashe man ban-ruwa ya ɗauko, jarka ɗaya tawa ce, ni na kai masa da hannuna, ya mutu bai faɗi sunana ba, ni kuma na hana shi makara. Muryar da nake taƙama da ita ta watse mini a tsakiya. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya yaba. Mutum biyu suka same ni a waje suka ce a hankali su ma yana kawo musu, amma ba su faɗa a lasifika ba.

Daga nan yayan mamacin ya raka ni gidan. Na tsaya a zaure na yi sallama, matar mamacin ta amsa daga bayan labule. Na fara gabatar da kaina, ta ce ba sai na yi ba. "Malam, na san muryarka. Kai ka yi sallama sau uku da sahen rannan. Kullum ina jin ka a lasifika, ina cewa yau zai hwaɗi." Ta ce ba ta taɓa gaya wa kowa ba, domin ta ga abin da aka yi wa mai gidanta, ba ta so a yi wa mijin wata. Na nemi gafara. Ta ce nata ta bar wa Allah, na yaran kuma in jira su girma in tambaye su da kaina. Babbansu yanzu ya fara riƙe sifana a shagon ubansa. Ina jira.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, amma na biya shi da tsada, wasu kuma sun biya fiye da ni. 'Yan bindiga azzalumai ne, ban taɓa shakkar haka ba, kuma gari na da haƙƙin kare kansa. Sai dai dokar da aka kawo saboda tsoro ba ta tafiya da kanta in tsoron ya ragu, kuma ba ta aiki sai ta samu irina: mai karantawa da murya mai daɗi, mai riƙe mabuɗi, mai sunkuyar da kai a sahu na biyu. Ina roƙon masu karatu, in wani a garinku ya miƙe ya tambayi wa ya yanke hukunci, da wace shaida, kuma yaushe za a daina, kada ku yi saurin cewa ya koma bayan abokan gaba. Ku zauna a tabarmarsa ko da ba ku yarda da duk abin da ya faɗa ba. In kuma wani abu na hannunku da ake buƙata don a yi wa mutum adalci, ko a raye ko a mace, ku fito da shi a ranar. Ni na fito da nawa bayan shekara uku, na tarar wanda ya rufa mini asiri yana kwance a gefen gona, cikin likkafanin wani.