Bindigar da Orval Ya Ɓoye wa Gishiri

Orval Haugland maƙwabcina ne a bakin ruwa. Tarunsa yana kusa da nawa tun muna da gashi a ka, kuma duk shekara idan kifin salmon ya hauro daga teku, tare muke ja, tare muke feɗewa. Ba mai surutu ba ne. Idan injin kwalekwalenka ya mutu a tsakiyar ruwa, ba zai tambaye ka garin yaya ba, da igiya kawai za ka gan shi. Kayan aikinsa kuwa ba ya wasa da su. Wuƙa, gatari, ko ƙusa ce, sai ya goge ya shafa mai kafin ya ajiye. Matarsa Ardis ta daɗe da rasuwa, amma ya ci gaba da zama a ɗakin katakon da suka gina tare, yana yin bandar kifi yadda ita take yi. 'Yarsu ɗaya ce, Charlene, tana aiki a birnin Anchorage.

Beyar, waɗannan manyan namun dajin masu gashi da farata, mun saba da su. Inda kifi yake, nan suke. Kana aiki ka ɗaga kai ka ga ɗaya a ƙetare, ka daka masa tsawa, ya dube ka, kowa ya koma kan abin da ke gabansa. Orval ya tsufa a haka, ba ya riƙe komai sai wuƙa da murya. Sai wata shekara wani beyar ya ɓalle ƙofar ɗakin bandarsa, ya cinye abin da ya ci, ya kashe masa kare a bakin ƙofa.

Charlene ta zo a fusace. A gabana ta gindaya masa sharaɗi, ko dai ya sayi bindigar hannu ya riƙa ɗaura ta a jiki duk inda zai je, ko ta kwashe shi zuwa birni, ta ma riga ta gyara masa ɗaki. Na dubi fuskarsa. Beyar bai taɓa tsorata shi kamar yadda ɗakin nan ya tsorata shi ba. Ya ce mata ya yi alkawari, kuma duk wanda ya san Orval ya san an gama magana.

Na raka shi kantin Dewey, inda ake sayar da mai, igiya, abincin gwangwani da bindigogi. Kusa da murhu akwai benci, kullum cike da mazan da suka manta nauyin taru, suna shan kofi suna kashe beyar da baki. Babbansu Merle ne.

Ya kamata a ga hannun Orval. Ruwan sanyi ya gama da yatsunsa, sun lanƙwashe, maɓallin riga ma sai ya yi fama. Dewey ya fara miƙo masa wata matsakaiciya, ta zauna daram a tafinsa, yatsansa ya kai kan kunamar ba wahala. Ya jinjina ta, ya gyaɗa kai. Da mun biya mun fita a lokacin, da yau wani labarin nake bayarwa.

Merle ya leƙo daga benci ya ce, "Tsoho, ɓeraye ne suka dame ka? In ka harbi beyar da wannan, haushi kawai za ka ba shi."

Benci ya ɗauki dariya. Wani ya ce irinta ya saya wa surukarsa, ita ma ta raina. Dewey ya sunkuya ya ɗauko wata libarba fara sol, tsawonta ya kusa kamu ɗaya, ya ajiye a kan tebur har katakon ya amsa. Ya ce wannan ce ta maza. Kunnuwan Orval suka yi ja. Mutumin da bai taɓa kula da maganar kowa ba a kan ruwa, ga shi 'yan zaman benci sun juya shi kamar yaro.

Na ce masa aƙalla ya gwada kafin ya ɗauka. Muka zagaya bayan kanti, aka kafa gwangwani a kan kututture. Ya riƙe da hannu biyu ya danna. Bindigar ta yi sama, ta tsaga masa fata a gindin babban yatsa, gwangwani yana nan ko motsi bai yi ba. Su Merle suka tafa, wai da ƙarar kaɗai beyar zai bar jihar. Orval ya naɗe hannu da ƙyalle, ya shiga ya saya. Daga ranar bai sake harba ta ba. Na san dalili, tsoronta yake ji, kuma ba zai faɗa ba.

Alkawari dai ya cika shi. Kullum tana ƙugunsa, tana jan wandonsa ƙasa, yana tafiya a karkace. Ba a jima ba ya ga ɗigon tsatsa a jikinta, don ruwanmu gishiri ne, ga yauƙin kifi. Abin ya ci masa rai. Washegari sai na ga ƙugunsa ba komai. Na tambaya, ya buga gefensa, na ji ƙarfe. Ashe ɗamarar bindigar ya fara ɗaurawa, sannan ya jawo dogon wandon robar da muke shiga ruwa da shi har ƙirji, ya rufe ta, ya ɗora rigar ruwa a sama.

Na ce, "Orval, wa za ta tsare a can ciki?"

Ya ce, "Na ce wa yarinyar za ta kasance a jikina. Tana jikina."

Na ce ya nemi kuben da ake ratayawa a ƙirji. Ya tambayi Dewey, aka ce babu mai ɗaukar girmanta, sai an aiko daga waje. Ba a aiko ba har kifi ya kusa ƙarewa.

Ranar da abin ya faru hantsi ne, ruwa ya janye. Ina cikin kwalekwale kusa da gaɓa ina warware taru, shi kuma ya ɗauki bahon kifi zai hau da shi ɗakin banda ta 'yar hanyar da ke ratsa doguwar ciyawa. A wata kwanar hanyar suka yi kiciɓis da beyar. Na ga ya saki baho, na ga ya cusa hannu ta saman wandon, hannun ya shige har gwiwa ya maƙale. A haka beyar ya same shi, mutum mai hannu ɗaya. Ya make shi ƙasa, ya kama kafaɗarsa yana girgizawa.

Na murɗa inji har ƙarshe na haye gaɓa da kwalekwalen, ina dukan jikinsa da filafili ina ihu. Ko ƙarar ce, ko dai kifin yake so tun farko, ban sani ba. Ya saki Orval, ya cika baki da kifi, ya shige ciyawa.

Jini yana zuba ta cinyarsa ma, sai na sa wuƙa na tsaga wandon daga sama har ƙasa. Bindigar ta faɗo a kan yashi, busasshiya, tana ƙyalli, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba.

Ya rayu. Hannun dai ba ya ɗaguwa, ba zai sake jan taru ba. Charlene ba ta yi masa faɗa ba, shi ma bai yi gardama ba. Daga asibiti ta wuce da shi ɗakin nan na birni. Na je duba shi sau ɗaya, na same shi a kujera yana kallon filin ajiye motoci ta taga. Ya tambaye ni kifi, ya tambaye ni ƙofar ɗakin banda. Da zan tafi ya ce bindigar tana wurina, in riƙa shafa mata mai. Na ja masa ƙofa na fito.

Da na koma kantin Dewey sayen mai, na tarar Merle yana ba da labarin, har da tashi tsaye yana nuna yadda shi zai zaro bindigar da a ce shi ne. Ya ce laifin tsohon ne, ba shi da zafin nama. Dewey ya ja ni gefe ya ce in iyalin suna son rabuwa da ita, akwai wani baƙo da ke neman irinta.

Na ajiye jarkar a wurin ba tare da an zuba ba, na fita. Yanzu sai na yi tafiya mai nisa nake samun mai, kuma na fi son hakan. Kafin ƙanƙara ta sauko na je ɗakin Orval, na kwashe tarunsa na shanya, na buga katako a ƙofar ɗakin banda.