Rimot na Biyu

Ni rewaya ne, mai gyaran wutar babur. A Daura aka haife ni, a nan na koyi sana'a, kuma kafin in lalace ba a taɓa kama ni da ko allurar wani ba. Ba zan faɗi sunana ba, don ina da 'ya'ya a makaranta. Samari nake so su karanta wannan, musamman masu sana'ar hannu.

Lokacin da satar babura ta yi ƙamari a yankinmu, kowa ya koma sa jiniya. Aikin ba wuya. Ka cire kujera, ka haɗa jar waya da batir, baƙar kuma da jikin ƙarfe, ka katse wayar makulli ka bi da ita ta cikin ɗan akwatin, sannan ka ɓoye shi ƙarƙashin tanki ka naɗe da salatif. Daga nan ko akuya ta gogi babur ɗin sai ya ɗauki ihu. Da rimot ake kulle shi, da shi ake buɗewa, har tayar da inji yana yi ba tare da makulli ba. Kowane kwali rimot biyu ne a ciki. Mutanen karkara da yawa ba su san haka ba, domin ni nake sayo kayan, ni nake buɗe kwalin.

Farkon abin ba da niyya ba ne. Wani manomi daga Baure ya karɓi rimot ɗaya ya yi gaba yana sauri, ɗayan ya rage a kan tebur. Na ce zan ba shi in ya dawo. Ya dawo gyaran fitila, ban ba shi ba. Daga nan sai ya zame mini ɗabi'a: in miƙa ɗaya, in jefa ɗaya cikin wani gwangwanin madara. Ina ce wa kaina ajiya nake yi musu saboda ranar ɓata.

Wani dillalin tsofaffin babura mai suna Sale ne ya leƙa gwangwanin wata rana. Ya yi dariya ya ce, "Kai, ashe makullan gari ne a hannunka kake zaune kana cin garin kwaki?" Na ce ya bar wannan magana. Bai bari ba. Ya ce ni dai in kai masa babur bayan gari, sauran aikin nasa ne. Sati biyu ina juya maganar, sannan na yarda.

Na manomin Baure na fara ɗauka, ranar kasuwa da rana tsaka. Masu jiniya sun daina kulle wuyan babur, sun sakankance. Na danna, ya yi ɗan tsuwa, na hau na tafi kamar nawa. Garin sauri har na kusa faɗawa kwata. Tun daga ranar tsoro bai sake ni ba. In na gama haɗa wa mutum jiniya na gwada, ƙarar sai ta firgita ni. In an yi sallama a shago, sai in ji kamar ni aka zo kamawa. Abinci ma ya daina shiga. Duk da haka na ƙara ɗauke guda uku.

A cikin kwanakin ne Malam Ilu ya kawo nasa. Dattijo ne daga Zango, yana sayar da tumaki, da yamma kuma yana karantar da magidanta a zaurensa. Ya tsuguna yana kallona har na gama. Da na miƙa masa rimot ɗaya ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Yanzu zan yi sallah hankalina kwance." Na ce amin, ban iya kallon idonsa ba. Yana fita na jefa ɗayan a gwangwani.

Kuskuren da ya kashe ni na wauta ne. Ban rubuta wane rimot na wane babur ba ne, don ina tsoron a ga rubutun. Sai na zura su duka a zare ɗaya, na cusa a aljihun wando, na nufi kasuwar Zango. A wurin ajiye babura na tsaya gefe ina dannawa ɗaya bayan ɗaya a ɓoye, har wani ja ya amsa. Na Malam Ilu ne. Na gane shi, domin akwai igiyar ɗaure tumaki a ƙarfen ɗora kaya na baya. Zuciyata ta ce in bari, ban saurare ta ba.

Ina ɗaga ƙafa na zauna a kujera, cinyata ta matse tarin rimot ɗin. Babura huɗu suka kwarara ihu lokaci guda, har da wanda nake kai. Fitilunsu na walƙiya, jama'a na juyowa. Na laluba aljihu in kashe, amma ban san wanne zan danna ba. Na kashe wannan, wancan ya tashi. Ina kan babur ɗin aka kewaye ni.

Wani mahauci ne ya fara shaƙe ni. Aka zaro zaren daga aljihuna. Wani saurayi ya ɗaga shi sama yana dannawa ɗaya-ɗaya, kowane danni sai wani babur ya amsa, mai shi ya ce, "Nawa ne! A wurinsa na sa jiniya!" Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba. Duka ta ko'ina, bakina cike da ƙasa. Na ji ana cewa a kawo taya, na kuma ji warin fetur kusa da kaina. Fitsari ya kuɓuce mini. Na so in yi kalmar shahada, harshena ya kasa juyawa.

Sai na ji wani ya faɗo kaina ya rufe ni da babbar riga. Malam Ilu ne. Yana cewa, "Babur ɗina ne, ni ke da hakki! Ku ji tsoron Allah, ba za a kashe rai a kan ƙarfe ba!" Sanda ta same shi a kafaɗa, bai tashi ba har 'yan sanda suka iso.

A kotu ban yi musu ba. Sale ya ɓace, ba a same shi ba. Shekara uku na yi a gidan yari. A can na ji cewa manomin Baure da babur ɗin yake kai mahaifiyarsa asibiti, bayan na ɗauke ya koma kai ta a amalanke. Wannan labari ya fi ɗaurin ci mini rai.

Da na fito na tuba, na bi waɗanda na cuta ina neman gafara. Wasu sun yafe, wasu sun kore ni, kuma ban ga laifinsu ba. Malam Ilu na bari ƙarshe saboda kunya. Na same shi a ƙofar zaure, babur ɗin na gefe an ɗaure shi da sarƙa a jikin bishiyar bedi. Ya cire jiniyar. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce, "Tun a kasuwa na yafe maka, ɗana. Sai dai ka ga, har yau in na ta da kabbara, kunnena yana wajen babur ɗin nan."

Samari, duk wanda ya miƙo muku kayansa ku gyara, ya ba ku amana ne. Kada ku riƙe abin da ba naku ba, ko da kuna ce wa kanku ajiya ce. Ni ma haka na fara. Na koma sana'ata, ko da yake masu zuwa ba su da yawa. Yanzu a gaban mai babur nake buɗe kwali, in sa masa rimot biyu a tafin hannu. Baburan da na sata ana iya sayen wasu. Abin da na ɗauke wa Malam Ilu a cikin sallarsa, har yau ban san yadda zan mayar masa ba.